Lafiya Uwar Jiki: Baffana Da Ma'aunin Jininsa

Yau filin namu zai bar harabar asibiti ya shiga cikin ɗaki, domin abin da za mu tattauna a kansa ya riga ya shiga ɗakunan mutane da yawa, ya sami wurin zama a gefen gado, tsakanin rediyo da tasbaha. Ina nufin ɗan akwatin nan mai batir da ɗamara, wanda akan ɗaura a damtse a danna, ya yi gurnani, ya matse hannu, sa'an nan ya fito da lambobi. Watau ma'aunin hawan jini na gida.

Dalilin wannan magana kuwa wani baffana ne, ƙanen mahaifina, tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki yana zaune a Zariya. Shekara biyar ke nan da likita ya ce yana da hawan jini, ya ɗora shi kan ƙwaya ɗaya kowace safiya, yana kuwa sha ba fashi, yana harkokinsa lafiya lau. Bara sai ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya yi abin kirki, ya sayo masa ma'auni. Tun daga ran nan gidan bai sake samun sukuni ba.

Wata ranar Laraba wajen ƙarfe 11 na dare, muna tsakiyar haɗa jarida, sai ga wayarsa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗana, jini ya hau, 168 a kan 98. Na dai ƙara ƙwaya biyu yanzu." Na ce, "Baffa, Allah Ya ƙara lafiya, kun sha ta safe kuwa?" Ya ce, "Ina! Ai da safe 124 ya nuna, na ga ba dalilin mai lafiya ya sha magani." Na tambaye shi awo nawa ya yi a ranar. Ya yi shiru yana ƙirgawa, can ya ce 11.

To, ba don in tona asirin baffana na kawo wannan labari ba, da izininsa na kawo shi. Na kawo shi ne domin na tabbata akwai irinsa a kowace unguwa: mutum ya ɗauki lambar da ya gani a wannan minti tamkar hukuncin alƙali, in ta yi ƙasa ya ajiye magani, in ta yi sama ya ninka. Alhali kuwa jinin ɗan Adam ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma bai taɓa tsayawa ba. Tsawon mutum in an auna shi yau, gobe ma haka za a same shi. Ƙarfin jini kuwa kamar farashin hatsi yake a kasuwa, na safe dabam, na la'asar dabam, wanda ya shiga kasuwa sau ɗaya ba zai faɗi yadda kakar bana ta kasance ba.

Wannan ba sabon sani ba ne. Mutumin da ya fara auna ƙarfin jini a duniya wani limamin coci ne a Ingila mai suna Stephen Hales, wanda ya buga bayanin gwajinsa a shekarar 1733. Ya sa aka kayar da wata goɗiya, ya haɗa dogon bututun gilashi da jijiyar jininta, jini ya hau cikin bututun har ƙafa 8 da inci 3. Abin da ya lura da shi nan take shi ne jinin bai tsaya cak ba, yana hawa yana sauka da kowane bugun zuciya, wani lokaci ma ya sauka da yawa sa'an nan ya sake hawa. Ɗamarar da muke ɗaurawa a damtse wani likitan Italiya ne, Riva-Rocci, ya fito da ita a 1896, sa'an nan a 1905 likitan soja na Rasha, Nikolai Korotkoff, ya gano sautin da akan saurara a gwiwar hannu don a fitar da lambobi biyu. Lambar sama ita ce ƙarfin turin jini a lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa ƙarfin da ya rage a jijiya lokacin da zuciya ta saki tana hutawa. Da milimita na zaiba ake ƙirga su, ko da yake na'urorin yanzu ba zaiba a cikinsu.

Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, kowane bugu da nasa ƙarfi. Wanda ya yi awo ɗaya, ɗan taƙi ya ɗiba daga cikin wannan. Galibin mutane jininsu yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 idan suna barci, ya yunƙura ya hau da asuba lokacin tashi, shi ya sa shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya suka fi aukuwa daga safiya zuwa hantsi. A cikin yini kuma abubuwa barjat suna taɓa shi: tafiya, hawan bene, magana, fushi, ciwo, rashin barci, riƙe fitsari, taba, shayi mai ƙarfi, kofi. Kada kuma mu manta da goro, domin sinadarin da ke cikin kofi mai hana barci shi ne a cikin goro. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis kamar alewa, suna ɗaga jini, haka ma wasu magungunan mura masu buɗe hanci. Yanayi ma da nasa hannu, jini ya fi hawa lokacin sanyi, ya ɗan sauka lokacin zafi. Saboda haka lambar hunturu da ta bazara ba lalle su zo ɗaya ba.

Akwai kuma tsoro, wanda shi ne ya kama baffana. Mutum ya auna ya ga 150, gabansa ya faɗi, ya sake aunawa nan take cikin fargaba ya ga 160, ya sake ya ga 168. Na'urar ba ƙarya ta yi ba, fargabar ce take aunawa. Likitoci sun daɗe da sanin wannan a kan kansu. A 1983 wani likita a birnin Milan na Italiya, Giuseppe Mancia, tare da abokan aikinsa, suka sa wa marasa lafiya 48 wata na'ura mai bin jini bugu bayan bugu, sa'an nan suka sa likita ya shigo ɗakin. Cikin 'yan mintoci da shigowarsa lambar sama ta ƙaru da kusan 27 a matsakaici, ta ƙasa da kusan 15, tun bai yi wa kowa allura ba. Da suka sake gwajin bayan 'yan shekaru da ma'aikaciyar jinya, sai hawan ya ragu da kusan rabi. A 1988 kuma Thomas Pickering a Amurka ya nuna cewa wajen mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda jininsu ya ɗan haura iyaka a asibiti, in an bi su da awo cikin harkokinsu na yini sai a tarar jininsu daidai yake. Wannan shi ake kira hawan jinin farar riga, watau rigar likita.

Amma fa akwai kishiyarsa, wadda ta fi shi haɗari. Wani mutum in ya zauna a bencin asibiti ya huta, jininsa sai ya kwanta, a ce masa lafiya lau, alhali a shago ko ofis ko a kan babur jinin a sama yake yini. Shi wannan ɓoyayyen hawan jini ke gare shi, yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba wanda ya sani. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce manya masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu kuma ba su san suna da shi ba. Don haka kada wani ya fahimce ni a baibai, ya ce marubucin nan yana kushe ma'aunin gida. Ko kusa. A ganina yana cikin kyautar da ta fi amfani da ɗa zai yi wa iyayensa. Abin da nake kuka da shi shi ne a miƙa wa dattijo na'ura ba a miƙa masa littafi da biro ba, ba a kuma zauna an nuna masa yadda ake karanta ta ba.

Amfanin awon gida an tabbatar da shi. A wani ƙaramin gari mai suna Ohasama a arewacin Japan, tun ƙarshen shekarun 1980 aka raba wa mazauna garin ma'aunai, suna aunawa a gida ana bin lafiyarsu shekara da shekaru, aka tarar lambar gida ta fi ta asibiti faɗar wanda ke cikin haɗari. Wannan bincike yana cikin waɗanda aka dogara da su wajen tsayar da iyakar awon gida. A asibiti iyakar ita ce 140 a kan 90, a gida kuwa 135 a kan 85, domin mutum a ɗakinsa ya fi natsuwa. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da tasu iyakar zuwa 130 a kan 80 tun 2017. Wanda ke da ciwon sukari ko na ƙoda, ko ya tsufa ƙwarai, likitansa ne zai faɗa masa tasa lambar.

To, yaya ake awon da za a dogara da shi? Tsarin da ƙungiyoyin likitoci suka yi ittifaƙi a kai shi ne na mako guda. Kwana bakwai a jere, in ba hali aƙalla uku, a auna safe da yamma. Na safe a yi shi bayan an zaga, kafin karin kumallo, kafin a sha magani. Na yamma kuwa kafin abincin dare ko kafin a kwanta, in dai lokaci ɗaya ake bi kullum. Minti 30 kafin awo ba shayi, ba goro, ba taba, ba aikin ƙarfi. A zauna a kujera mai jingina, baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, a huta minti biyar ba magana ba waya. A ɗaura ɗamarar a kan fata, ba bisa hannun riga ba, a ɗora hannun a kan tebur yadda ɗamarar za ta yi daidai da zuciya. A auna, a rubuta, a jira minti ɗaya, a sake aunawa, a rubuta. Shi ke nan, a mai da na'ura cikin akwatinta. Biyu da safe, biyu da yamma, ba ƙari.

Mai karatu zai ce waɗannan sharuɗɗa sun yi yawa, kamar na alwala. To, kowanne da dalilinsa. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna a 2024 cewa ɗora hannu a cinya yana ƙara lambar sama da kusan 4, sakin hannu yana reto a gefe kuwa yana ƙara ta da fiye da 6. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da galibi a tabarma ko a bakin gado muke zama. A 2023 kuma suka nuna cewa idan mai ƙaton damtse, wanda ya kamata a sa masa ɗamara mafi girma, aka ɗaura masa matsakaiciya, lambar sama takan ƙaru da kusan 20. Ashe ke nan ana iya ɗora wa mai ƙiba ciwon da ba shi da shi saboda ƙaramar ɗamara kawai. A jikin kowace ɗamara akwai rubutun kaurin damtsen da ta dace da shi, misali santimita 22 zuwa 32, sai a sa tef irin na tela a auna tsakiyar damtse kafin a saya.

In mako ya cika, sai karatu. A zubar da lambobin rana ta farko, domin ranar ce hannu bai saba ba, zuciya ma ba ta saba ba. Saura kwana shida, awo 24 ke nan. A tara lambobin sama duka a raba da 24, a tara na ƙasa a raba da 24. Abin da ya fito shi ne ƙarfin jinin mutum a gida, shi ne abin da za a gwada da 135 a kan 85, shi ne kuma abin da likita zai yi aiki da shi. Lamba mafi tsawo a shafin ba ita ce gaskiya ba, mafi gajarta ma ba ita ba ce. Kuma haramun ne, in ji ni, mutum ya yi awo biyar ya zaɓi mai daɗin ya rubuta, domin kansa ya cuta ba likita ba. Bambancin 10 ko 15 tsakanin safe da yamma, ko tsakanin Litinin da Talata, abu ne da aka saba gani, ba abin tashin hankali ba ne.

Sai dai kuma hawa da saukar ba a banza take ba gaba ɗaya, ruwa ba ya tsami banza. A 2010 Farfesa Peter Rothwell na Jami'ar Oxford ya bi bayanan dubban marasa lafiya, ya tarar cewa waɗanda lambarsu ta sama ke tsalle da yawa daga wannan zuwa asibiti zuwa wancan sun fi fuskantar shanyewar ɓarin jiki, ko da matsakaicinsu bai fi na wasu ba. Ya kuma lura cewa magani irin amlodipine yana rage wannan tsalle fiye da atenolol. Dalilin, kamar yadda ake fassara shi, jijiyar da ta tsufa ta sandare ba ta iya shanye turin jini kamar mai laushi, sai lambar ta riƙa dukan sama da ƙasa. Amma a lura, wannan magana ce ta makonni da watanni, ba ta awo 11 a yini ɗaya ba. Har yanzu likitoci ba su tsayar da wata lamba da za a ce ita ce iyakar tsalle ba, kuma kafin a zargi jijiya sai an fara tambayar abin da ya fi yawa: shin ana shan maganin kullum, a kan lokaci? Sau da yawa tsallen da ke cikin littafi hoton fashin magani ne.

Nan ne kuskuren baffana ya fi muni. Maganin hawan jini ba kamar na ciwon kai ba ne da ake sha in ciwo ya zo. Amlodipine, alal misali, yakan ɗauki wajen mako guda ana sha kullum kafin ya daidaita a jiki. Ƙwaya biyun da ya haɗiya da dare ba za su sauko da jini cikin minti goma ba, amma suna iya sa shi jiri washegari, dattijo kuwa in ya faɗi a banɗaki, karayar ƙugu ba ƙaramar magana ba ce. Lambar 124 da ya gani da safe kuma ba shaidar warkewa ba ce, shaidar maganin jiya ce. Likitoci da kansu sun daɗe da barin tsohuwar dabarar nan ta sa ƙwayar nifedipine a ƙarƙashin harshe don a faɗar da jini farat ɗaya, saboda an ga faɗuwar gaggawa tana iya hana ƙwaƙwalwa da zuciya isasshen jini.

Abu ɗaya da ma'aunin gida irin namu ba ya gani shi ne dare. Akwai mutanen da jininsu ba ya sauka in sun yi barci, galibi masu ciwon ƙoda, da masu sukari, da masu cin gishiri da yawa, da masu minsharin nan da numfashi ke ɗaukewa. Don irinsu akwai wata na'ura da akan rataya wa mutum a ƙugu kwana ɗaya cur, tana matsa damtse da kanta duk minti 15 zuwa 30, dare da rana, sa'an nan likita ya karanta. Iyakarta 130 a kan 80 ce a jimlar sa'a 24, da dare kuwa 120 a kan 70. Da irin wannan na'ura ce Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci binciken da aka buga a 2019, a kan marasa lafiya 728 a ƙasashen Afirka shida, har da Nijeriya da Kamaru, aka tarar haɗin magani biyu da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata a kan haɗin da ba shi. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, amma wanda lambar gidansa da ta asibiti suka ƙi jituwa, ya dace ya tambaya.

Game da agogunan hannu da ake talla wai suna bin jini dare da rana ba ɗamara, ƙungiyar likitocin hawan jini ta Turai ta ce a 2022 kada a dogara da su wajen gano ciwon ko tsara magani. Manhajar waya da ake ɗora yatsa a kan kyamara kuwa, wannan wasan yara ne. Ko a cikin masu ɗamara ba duka aka tantance ba, na damtse ya fi na wuyan hannu, kuma yana da kyau a tafi da na'urar asibiti sau ɗaya a shekara a gwada ta da tasu. Wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, ya gaya wa likita, domin irin wannan bugu yana rikita na'urori masu batir.

Duk da abin da na faɗa, akwai lokacin da ba a jiran mako ya cika. In ma'auni ya nuna 180 a kan 120 ko fiye, a zauna a huta minti biyar a sake. In yana nan, a nemi likita a ranar. In kuwa tare da shi akwai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ko ƙafa ta mutu, to a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take, ko ƙarfe nawa ne. Karkacewar baki da mutuwar ɓarin jiki ma ba sa jiran lamba, ko me na'ura ta nuna a tafi. Mai juna biyu kuma lissafinta dabam ne: 140 a kan 90 ya isa ta je a duba ta, 160 a kan 110 kuwa gaggawa ce, saboda jijjiga.

A daren nan na tambayi baffana waɗannan alamu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba ko ɗaya, na roƙe shi ya kwanta, da safe a kira likitansa a gaya masa ƙwayoyin da ya ƙara. Ƙarshen mako na shiga mota na tafi Zariya da littafin rubutu na 'yan makaranta, muka ja layi huɗu a kowane shafi. Ƙaramar 'yarsa aka ɗora wa aikin rubutawa da ɓoye na'ura tsakanin awo da awo. Ya koma shan ƙwayarsa kowace safiya, aka bar shi mako biyu ya daidaita, sa'an nan aka yi awon kwana bakwai. Mafi tsawo a shafin 156, mafi gajarta 129, matsakaici kuwa 143 a kan 88. Watau bai kai abin da ya firgita shi da dare ba, bai kuma sauka inda ya yaudare shi da safe ba. Da likita ya ga littafin, ya ƙara masa wani ɗan magani na biyu, ya ce a rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, a dawo bayan wata guda da sabon shafi.

Yanzu ma'aunin yana saman kabad, ana sauko da shi mako guda kafin ranar asibiti. Maganar goro ce dai har yau ba mu daidaita ba. Ya ce minti 30 ɗin nan zai iya haƙura da su, amma wanda ya ce ya bar goro ɗungurungum, to ya fara zuwa ya yi shekara talatin yana gyaran jarrabawar yara da dare tukuna.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.